Wanda Yake Ba da A

Haarlem,
10 ga Fabrairu, 1987.

Zuwa ga Yaya Geertje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Sneek, yaya kuma gwiwar mijinki Sjoerd? Ki gaya masa in ji ni, mutum mai shekara sittin da takwas ba shi da abin nema a kan ƙanƙara, ko da kogin ya daskare har ƙasa. Safar ulun da kika aiko ta iso, tana ƙafata yanzu haka. Kin tambayi kunnena. Murar Kirsimeti ce ta toshe shi, ta kuma tafi abinta, ki daina sa shi a kowace wasiƙa.

Mun dawo tsohuwar cocin nan don mu ƙarasa faifai na ƙarshe. Kin tuna a watan Nuwamba mun ɗauki sassa uku na simfonin, wato dogon kiɗan nan mai sassa huɗu, sai madugunmu Aldert, wanda muke kira Maigida, ya faɗo daga keke ya karya hannun da yake kaɗa mana, aka tattara aka koma gida. Yanzu saura sashe na huɗu, da 'yan gyare-gyare a sashe na biyu, wato mai tafiya a hankali. In mun gama, mun ɗauki duka simfoni goma sha biyun ke nan da kaya irin na zamanin da aka rubuta su. Sjoerd ya ci gaba da cewa muna wahalar da kanmu da kayan gidan tarihi. Ni dai goge mai tsirkiyar hanjin tunkiya, da ƙaho marar maɓalli, da algaitata ta katako, su na sani, kuma da su zan ƙare.

Har yanzu ni ke ba da A. Na san kin taɓa ce min ba ki ga abin taƙama a busa sauti ɗaya tal ba, to ki bar ni da taƙamata. Mutum talatin da takwas ne suke yin tsit kowace safiya, in ɗaga algaita in busa, kowa ya murɗa tsirkiyarsa ko ya gyara bututunsa har ya zo daidai da ni. Namu A ɗin ƙasa yake kaɗan da na 'yan zamani, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ina fitar da shi daga kaina, ba na duba ƙarfen awon sauti. Diederik mai babban goge yana da ƙarfen a akwatinsa. Sau ɗaya ya taɓa fito da shi a gabana, a shekarar saba'in da tara, muka shekara ba mu gaisa ba. Tun daga nan bai sake fito da shi ba.

An ɗan sami tangarɗa jiya. Annemiek, mai ɗaukar sauti, wadda ke zaune a ɗan ɗakin bayan mumbari tana yanka tef da reza tana haɗawa, ta fito da tsakar rana da abin sauraro a wuya. Ta ce, "Maigida, sabon ba ya hawa kan tsohon. Na yau ya yi ƙasa da na Nuwamba." Ya ce da yawa? Ta ce, "Kaɗan ne, amma in na haɗa, ko kurma sai ya ji wurin ɗinkin."

Ba wanda ya damu, don kowa ya san sanyi yana sa kayan busa su yi ƙasa, kuma a cocin nan kana ganin hucin bakinka. Aka kira Meneer Kuiper mai kula da cocin, aka roƙe shi ya kunna murhun ɗumama tun asuba. Ya ce murhun nan don masu ibada aka yi shi ranar Lahadi, ba don 'yan goge ranar Litinin ba. Sai da Maigida ya bi shi har ƙofa da kwalin sigari sannan ya sauko. Gobe za mu ga ɗumi.

Abinci dai burodi da cuku ne da rana, miyar wake da yamma. Mai ɗakin da na kama tana ba da kofi da biskit ɗaya, ta rufe gwangwanin a gabanka. Ki gaishe da Sjoerd da kyau.

Ƙaninki,
Evert.


Haarlem,
13 ga Fabrairu, 1987.

Yaya Geertje,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan ku duka kuna lafiya. Na ji Sjoerd ya fita ƙanƙarar duk da haka, kuma ya dawo da ƙafafunsa biyu, to madalla.

An kunna murhun. Coci ta yi ɗumi, tsirkiya shida ta tsinke kafin ƙarfe goma sha ɗaya, fatar ganga ta yi tauri, mai gangar yana ta zagin Kuiper ƙasa-ƙasa. Muka ɗauki abin da za mu ɗauka, Annemiek ta sake fitowa ta ce har yanzu muna ƙasa. Ni na ce mata wataƙila na'urarta ce take gudu fiye da yadda take yi a Nuwamba. Ta dube ni ta ce, "Na'urata ba ta yin mura, Evert." Aka yi dariya, na yi tare da su, ko da yake ban ga abin dariya a ciki ba.

Akwai kuma wata matsalar, kuma ita ce ta sa na ɗauko alƙalami. A sashe na biyu akwai wurin da algaita biyu suke riƙe dogon sauti tare, ni da Roos Dekema. Kin san Roos, ita ce ta zo jana'izar Inna da furanni a kwandon keke. Shekara goma sha bakwai tana zaune a haguna tana busa algaita ta biyu, kuma ban taɓa waiwayawa don in ji inda take ba, don kullum tana inda ya kamata. To tun da muka dawo take hawa sama. Ina jin ta a kunnena, tana samana da kaɗan, sautin namu biyu yana karkarwa. Sau tara muka maimaita wurin nan jiya. Na juya na ce mata, "Roos, ɗan sauko." Ta ce, "To, Evert." Ta ciro ɗan karan busarta, ta kankare shi da wuƙa, ta mayar. Muka sake, bai gyaru ba.

Da aka tashi shan kofi, Maigida ya ja ni gefen bagadi. Ya ce, "Ku biyun nan kuna faɗa a dogon sautin. Waye?" Na gaya masa abin da nake ji, cewa Roos tana sama tun ranar Litinin. Ya gyaɗa kai kamar da ma abin da yake jira ke nan. A sana'armu in na farko da na biyu suka saɓa, laifin na biyu ne. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma haka ake yi. Ya ce za a lallaɓa a ƙarasa faifan da ita, sannan daga rangadin Afrilu zai kira wata daga Hague ta zauna a kujerarta. Ya ce kada in gaya mata, shi zai faɗa da bakinsa ranar da muka gama.

Kada ki rubuto min cewa ba ni da tausayi. Na san shekarunta hamsin da huɗu, na san ba wata ƙungiyar da za ta ɗauki mai algaita ta biyu a waɗannan shekarun, na kuma san tun da mijinta ya rasu ba ta da wani abu sai mu. Amma tambayata aka yi, na ba da amsa. Ba ni na ce a sallame ta ba. Kunne yana tsufa, leɓe yana tsufa, kuma wata rana kowa zai ajiye.

Yau da rana ta fere tuffa da wuƙar kankare kara, kamar yadda ta saba, ta miƙo min rabi. Na karɓa na ci. Bai yi min daɗi a rai ba, amma ƙin karɓa sai ya fi zama abin tambaya.

Muna hutu Asabar da Lahadi, mu dawo Litinin, mu gama Alhamis in Allah ya yarda. Ki gaishe da maƙwabciyarki mai kyanwa, in har yanzu kuna magana.

Naki,
Evert.


Haarlem,
17 ga Fabrairu, 1987.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Sjoerd. Ina fatan tarin da kika ambata ya yi sauƙi. Wasiƙar nan kada ki karanta wa Sjoerd ita a teburin cin abinci yadda kika saba.

Jiya da aka tashi cin abincin rana, Annemiek ta leƙo ta ce in zo ɗakinta in taya ta sauraron wani abu. Ta rufe ƙofa. Ashe tana barin tef yana tafiya tun daga lokacin da ake saita kaya, kowace safiya, shekara da shekaru. Ta ce za ta kunna min A guda biyu in gaya mata wanne ne namu. Ta kunna na farko. Na ce wannan ya yi sama, na wa ne, ko wani ɗan makaranta ne? Ta kunna na biyu. Na ce wannan ne daidai. Ta ce, "Na biyun naka ne na safiyar yau." Na ce to ai ga shi nan. Ta ce, "Na farkon ma naka ne, na ranar sha takwas ga Nuwamba." Na ce ta sake kunnawa. Ta sake har sau uku, kuma duk sau ukun na Nuwamba sama yake a kunnena.

Ban koma cikin coci ba. Na aika a ce wa Maigida ciwon haƙori ne, na hau keke na tafi wurin likitar kunne. Ta leƙa, ta ce ba ta ga komai ba. Sannan ta ɗauko ƙarfen awon sauti, irin na Diederik, ta buga a gwiwarta ta kai kunnena na dama. Ta sake bugawa ta kai na hagu. Na ce mata ta canza ƙarfe. Ta buɗe hannayenta ta nuna min guda ɗaya ne. Yaya, ƙarfe ɗaya, sauti biyu. Kunnen hagu yana ɗaga duk abin da ya shiga cikinsa. Shi ya sa nake jin A ɗina ya yi sama in sauke shi, mutum talatin da takwas su bi ni ƙasa. Kuma a wannan kunnen Roos take zaune.

Likitar ta ce murar ce ta taɓa can ciki, yana iya gyaruwa, yana iya zama haka. Na ce to in toshe shi da auduga mana. Ta ce sautin algaitata ta ƙashin kaina yake bi, auduga ba za ta tare shi ba. Ta tambayi sana'ata, na gaya mata, sai ta shiga rubutu.

Da safiyar yau na riga kowa zuwa, na sami Annemiek. Na tambaye ta wa ta gaya wa. Ta ce, "Ni tef nake yankawa, ba na kai magana." Ta ce akwai dabara: za ta iya ƙara wa tef ɗin Fabrairu gudu kaɗan har ya hau kan na Nuwamba, ba wanda zai gane, ko Maigida. Dogon sautin kuma za ta tsinto gutsattsarin inda muka haɗu da Roos bisa sa'a, ta ɗinke su. Faifan zai fita lafiya. Na ce Roos fa? Ta ce, "Wannan ba aikin reza ba ne."

Ga abin da na yi, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ƙarfe goma ya yi, coci ta yi tsit, na ɗaga algaita na busa A. Na san ba daidai ba ne, na ga kowa yana sassauta tsirkiya yana bi na, ban ce uffan ba. Na busa yini guda a haka. Da rana Roos ta miƙo min rabin tuffa, na ce cikina ba daɗi.

Ina ta gaya wa kaina cewa kwana biyu ne suka rage, daga nan ina da har Afrilu, wataƙila kunnen ya dawo, ba wanda zai taɓa sani. Lissafin yana fita daidai ta kowane gefe, sai dai a cikinsa Roos ba ta da kujera. Tsoro nake ji, Yaya. Tun ina ɗan shekara tara nake jin sauti in faɗi sunansa, ke da kanki kike buga cokali a kofi kina gwada ni. Ban san wane ne ni ba in aka cire wannan.

Ba shawara nake nema ba, don kafin amsarki ta iso an gama komai. Na dai rasa wanda zan gaya wa.

Ƙaninki,
Evert.


Haarlem,
19 ga Fabrairu, 1987.

Zuwa ga Yaya Geertje,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke mun gama faifan yau da ƙarfe huɗu saura kwata. Ina fatan kin sami wasiƙar shekaranjiya, in ba haka ba wannan ba za ta yi miki ma'ana ba.

Jiya ma ni na ba da A, kuma na yi shiru. Ina faɗa miki don kada ki ɗauka da sauri na shiryu.

Yau ce ranar da Maigida zai yi wa Roos magana. Da safe na gan shi ya sa taye a wuya, abin da ba ya yi sai zai faɗa wa wani abu marar daɗi. Ƙarfe goma kowa ya zauna, aka yi tsit, ana jira na. Algaita tana kan cinyata, na kasa ɗaga ta. Ba jarumta ba ce, hannun ne kawai ya ƙi. Maigida ya ce, "Evert, muna jira." Na juya na ce wa Roos, "Ba su." Ta dube ni, ba ta motsa ba. Na sake cewa, "Ba su A, Roos." Ta jiƙa karan a bakinta, ta busa.

A kunnena ya yi sama sosai. Amma sai na ji ƙarar murɗa tsirkiya ta ko'ina, kuma duk sama suke murɗawa, masu sarewa suna tura bututunsu ciki suna duban juna. Diederik ya buɗe akwatinsa a hankali, ya fito da ƙarfen nan, ya buga a gwiwa ya kai kunne. Ya dubi Roos ya gyaɗa kai, sannan ya mayar da shi da sauri bai dubi inda nake ba.

Maigida ya ce, "Wane irin wasa ne wannan?" Na miƙe tsaye na ce ba wasa ba ne, kunnena na hagu ya lalace tun Kirsimeti, ni na ja ƙungiyar ƙasa, ba sanyi ba ne, ba na'urar Annemiek ba ce. Na ce Roos daidai take tun ranar farko, kuma abin da na gaya masa a gefen bagadi ya manta da shi. Kuiper ne kawai, da yake share bayan kujeru, ya ce, "To a kashe murhu ke nan?"

Maigida ya ciro tayen ya cusa a aljihu. Ya ce aikin yau fa, wa zai busa? Annemiek ce ta kawo shawarar daga bakin ƙofarta. Ta ce mu musanya kujera, Roos ta busa na farko, ni na biyu, ta haka za ta koma kunnena na dama, mai lafiya, in bi ta. Na kwashi takarduna na matsa kujera ɗaya zuwa hagu. Taku ɗaya ne tsakanin kujerun nan biyu, kuma ban taɓa zama a waccan ba. Daga nan ba a ganin fuskar Maigida sosai, kan mai goge yana tarewa.

Muka ɗauki dogon sautin sau biyu, na biyun ya shiga. Muka sake sashe na huɗu daga farko har ƙarshe. Akwai wurin da algaita ta farko take fita ita kaɗai, wanda na yi wata uku ina shiri a kansa. Roos ta busa shi ba tare da ta taɓa gwadawa a gaban kowa ba, ni ina riƙe mata sauti ɗaya a ƙasa. Ta busa shi da kyau. Ba yadda zan busa shi ba, ta fi ni jinkiri a tsakiya, amma da kyau. Annemiek ta haɗa sabon da na Nuwamba, ta kunna mana a lasifika, ba a jin ɗinki.

Na gaya wa Maigida ba zan je rangadin Afrilu ba. Ya ce in jira in ga likita tukuna. Na ce zan gani, amma ya bar Roos inda take, ya nemo mata ta biyu. Bai yi gardama da yawa ba, kuma hakan ya ɗan yi min zafi.

Da kowa ya watse, muka rage ni da Roos muna share cikin algaita da gashin tsuntsu. Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun safiyar Litinin ta farko, da na busa A. Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Ta biyu ba ta gyara wa na farko, Evert." Na ce mata akwai abin da ya kamata ta sani, cewa Maigida ya tambaye ni waye yake kuskure, kuma sunanta na ba shi. Ta ci gaba da share algaitarta. Ta ce, "Na sani. Ni ya fara tambaya kafin ya zo wurinka." Na ce me kika ce masa? Ta ce, "Na ce masa ni ce."

Ta rufe akwatinta, ta ɗaura gyale, ta ce za ta kama jirgin ƙasa na huɗu da rabi. Ina zaune ta fita. Kunyar da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinta ba, kuma har yanzu da nake rubuta miki ba ta sake ni ba.

Zan shigo jirgin Asabar na rana. Kada Sjoerd ya zo tasha da gwiwar nan, zan taka da ƙafa. Ki gyara min ƙaramin ɗaki, don ina jin zan ɗan daɗe. Ki gaishe shi, kuma Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Evert Zijlstra.